Cirkus Columbia: Me Ya Sa Ake Neman Mage Alhali Yaƙi Na Bakin Ƙofa?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya yana cewa: "Malam, na kalli Cirkus Columbia ne saboda an ce mini fim ne na yaƙin Bosniya. Na zauna kusan awa biyu ina jiran yaƙi, sai na ga ana rigimar gida, ana neman mage. Me ya sa aka yi shi haka? Shi kuma Divko, mugu ne ko abin tausayi? Sannan ban ma gane waye ke faɗa da wa ba."

Ɗan'uwa, wanda ya ce maka fim ɗin yaƙi ne bai yi ƙarya ba, bai dai cika maka bayani ba ne. Fim ne na jajibirin yaƙi. Labarin yana faruwa a 1991, a wani ƙaramin gari na yankin Harzegobina, kudancin ƙasar Bosniya, alhali yaƙin Bosniya bai ɓarke gadan-gadan ba sai a watan Afrilun 1992. Daraktan, Danis Tanović, ya zaɓi ya tsaya a bakin ƙofar, kuma ina ganin zaɓin nan shi ne mafi daraja a cikin fim ɗin gaba ɗaya. Kada ka ɗauka rashin sanin yaƙi ne ko tsoron nuna shi. Mutumin nan haifaffen Zenica ne a 1969, yana ɗalibin fim a Sarayebo, babban birnin Bosniya, aka yi wa birnin ƙawanya, ya ɗauki kyamara ya bi sojojin Bosniya yana ɗaukar abin da ke faruwa a bakin daga. Fim ɗinsa na farko, No Man's Land na 2001, a cikin ramin yaƙi aka yi mafi yawansa, ya kuma ci kyautar Oscar a 2002. Wanda ya riga ya nuna ramin, ya dawo a 2010 yana tambayar abin da ya fi wuya: ta yaya mutanen da ke shan kofi tare da safe suka kai ga haƙa wa juna shi?

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin in ba a gane ta ba sauran ba za su zauna ba.

Yugoslabiya, ƙasar da Bosniya ke cikinta a lokacin, tarayya ce ta jamhuriyoyi shida: Sulobeniya, Kuroshiya, Bosniya da Harzegobina, Sabiya, Montenegro da Masedoniya. Josip Broz Tito ya riƙe ta da hannu ɗaya tun ƙarshen yaƙin duniya na biyu har rasuwarsa ranar 4 ga Mayu, 1980. Bayansa bashi ya yi wa ƙasar katutu, kuɗinta dinar ya riƙa narkewa a aljihun mutane, jam'iyyar gurguzu da ke riƙe da komai ta tsage a farkon 1990. Bosniya ce ta fi kowace jamhuriya cakuɗuwa. Ƙidayar 1991 ta nuna Musulmi, waɗanda yanzu ake kira Bosniyak, sun kai kusan kashi 44 cikin ɗari, Sabiyawa mabiya ɗariƙar Otodoks kusan 31, Kurowat mabiya Katolika kusan 17. Harshensu ɗaya ne a aikace, kamanninsu ɗaya, a birane suna auratayya. A zaɓen Nuwamban 1990 jam'iyyu uku na ƙabila suka lashe kusan komai: SDA ta Musulmi, SDS ta Sabiyawa, HDZ ta Kurowat. A garuruwan yammacin Harzegobina, inda Kurowat suka fi yawa, mulki ya koma hannun masu kishin Kuroshiya. Sai ranar 25 ga Yuni, 1991 Sulobeniya da Kuroshiya suka ɓalle, sojan tarayya, wanda sannu a hankali ya koma hannun Sabiyawa, ya shiga yaƙi da Kuroshiya. Daga watan Oktoba aka fara yi wa birnin Dubrovnik na Kuroshiya luguden wuta, kuma Dubrovnik maƙwabciyar Harzegobina ce.

To ka ga a garin da fim ɗin ya nuna akwai ɓangarori uku da ke kallon juna. Akwai sababbin masu mulki, 'yan kishin Kurowat, da matasan da suka fara tara musu bindigogi a ɓoye. Akwai barikin sojan tarayya da ke gefen gari, wanda jiya sojan kowa ne, yau ana yi masa kallon sojan abokan gaba. Sai tsofaffin 'yan gurguzu da duk wanda ke kiran kansa ɗan Yugoslabiya kawai, waɗanda aka bar su riƙe da ƙasar da ke mutuwa. Ivanda, sabon magajin gari, shi ne fuskar ɓangaren farko. Savo, hafsan sojan da ke da mutunci da Lucija, matar Divko, da ɗanta, yana na biyu ko da zuciyarsa ba ta tare da inda ake jan rundunarsa. Leon, tsohon magajin gari, shi ne na uku.

Cikin wannan hali Divko Buntić ya shigo gari bayan shekara ashirin a Jamus, cikin jar Mercedes, da budurwa Azra wadda ya kusa haifa, da baƙar magensa Bonny, da aljihu cike da mak, kuɗin Jamus na lokacin. Ɗan Bosniya da ya ga wannan shigowa ba ya bukatar a yi masa bayani. Tun yarjejeniyar 1968 tsakanin Yugoslabiya da Jamus ta Yamma, dubban ɗaruruwan mutane suka tafi ci-rani masana'antun Jamus da wuraren gine-ginenta, kuma yammacin Harzegobina, ƙasar duwatsu mai ƙarancin noma, na cikin yankunan da suka fi aika mutane. Akwai kuma dalilin siyasa. A yaƙin duniya na biyu an haɗe Bosniya cikin ƙasar Kuroshiya da 'yan Ustasha masu ƙawance da Hitila suka mulka, kuma bayan 1945 gwamnatin gurguzu ta daɗe tana yi wa yankin kallon zargi. Mutane da yawa sun tafi da ciwo a rai, wasu ba su da halin dawowa sai da mulkin ya faɗi. Divko irin waɗannan ne. Shi ya sa a idonsa dawowar tasa ranar biyan bashi ce. Mak ɗin da ke aljihunsa kuwa ya fi kuɗi: a ƙasar da dinar ya lalace har aka ɗaure shi da mak a farkon 1990, dinar bakwai mak ɗaya, mai mak shi ne mai magana.

Abin farko da ya yi shi ne abin da nake so ka sake kallo da kyau. Matarsa Lucija, wadda bai saka ba, da ɗansu Martin mai shekara ashirin wanda bai taɓa raino ba, suna zaune a gidan gadonsa duk tsawon shekarun nan. Divko bai je ya ƙwanƙwasa ƙofa ba. Wajen ɗan'uwansa Ivanda ya nufa, tunda yanzu shi ne magajin gari, aka turo 'yan sanda suka fitar da mace da ɗanta daga ɗakin da suke kwana. Lucija ta yi turjiya iya ƙarfinta, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, suka ƙare a wani ɗan ƙuntataccen gidan hukuma.

Dubi abubuwan da suka haɗu a wannan fitowa ɗaya. Akwai tsohuwar ƙullalliya ta mutum ɗaya. Akwai takarda, domin gidan na ubansa ne, kuma ba za ka ce ba shi da wata hujja ba. Akwai hukuma da ta sauya hannu jiya, mai jin cewa lokacinta ne. Akwai masu kaki da suka zo aiwatarwa ba tare da tambaya ba. Akwai maƙwabta da suka tsaya kallo. Waɗannan su ne kayan haɗin abin da aka yi wa Bosniya daga 1992 zuwa 1995, inda aka kashe kusan mutum 100,000, aka raba fiye da miliyan biyu da muhallinsu, wato kusan rabin al'ummar ƙasar. A gari bayan gari, wanda ya zo korar mutane sau da yawa wanda suka sani ne, yana tafe da jerin sunaye daga ofishin ƙaramar hukuma, kuma washegari wani ya tare a gidan. Maganar gida ta yi nauyi har sai da yarjejeniyar Dayton ta 1995, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin, ta ware sashe guda, na bakwai, a kan haƙƙin kowa ya koma gidansa, aka kafa hukumar sauraron ƙorafin kadarori, aka shafe shekaru ana fitar da waɗanda suka tare a gidajen wasu. Sai a 2004 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa masu komawa sun kai miliyan ɗaya, kuma da yawa cikinsu sun karɓi gidan ne suka sayar, domin unguwar ba ta su ba ce kuma. Ɗan Bosniya da ya zauna kallon wannan fim a 2010 ya ga an jefo kayan mace waje, ya san abin da yake gani. Kai ka ga rigimar miji da mata. Shi ya ga gwajin farko na abin da aka yi wa uwarsa. Kuma abin da ya fi ci mini rai, Divko da Lucija ba su da wata gabar ƙabila a tsakaninsu da za a fake da ita. Tanović yana nuna cewa hanyar ta riga ta buɗe tun kafin a liƙa mata sunan ƙabila: da zarar an yarda cewa mai ɗan'uwa a ofis yana iya sa hukuma ta rama masa, saura kawai a canza wanda za a kora.

Yanzu magen. Bonny ta ɓace, Divko ya sa kuɗi mai tsoka ga duk wanda ya tsinto ta, gari ya watse nema, yara da manya, dare da rana. A wajenmu baƙar mage abin tsarguwa ce, shi kuwa Divko ya ɗauke ta sa'arsa, kuma a gaskiya ita kaɗai ce halittar da yake ƙauna ba tare da lissafi ba. Masu kallo da yawa suna fassara neman magen da cewa mutanen garin wawaye ne, yaƙi na zuwa suna bin mage. Ban yarda da wannan fassara ba, kuma ina ganin rashin adalci ne gare su. Mutumin da albashinsa ya zama takarda, aka ce ga mak a kan mage, fita nemanta hankali ne. Game da yaƙin kuma, ka tuna mu ne muka san ƙarshen labarin, su ba su sani ba. Sun ga Dubrovnik a talabijin, sun ji labarin Vukovar ta Kuroshiya da ta faɗi a Nuwamban 1991 bayan kusan wata uku na ƙawanya, har ƙauyen Ravno da ke cikin Harzegobina kanta sojan tarayya ya ragargaza a Oktoban shekarar. Duk da haka yawancin 'yan Bosniya sun yi imani abin ba zai iso gare su ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: ta ina za a raba ƙasar da a bene ɗaya akwai Musulmi da Basabiye da Bakurowate, wani ma uwarsa daga nan ubansa daga can? Har ranar 5 ga Afrilu, 1992 dubban mutane sun cika titunan Sarayebo suna zanga-zangar neman zaman lafiya, a ranar aka harbe su, aka kashe mata biyu a kan gada. Ƙawanyar da ta biyo baya ta ɗauki kwana 1,425. Mutanen nan amincewa da maƙwabtansu ce ta hana su gudu, kuma amincewa da maƙwabci ba aibi ba ne. Fim ɗin yana sa ka zauna tare da su cikin wannan amincewa, ka yi dariyar da suke yi, ka ji ɗumin ranar da suke ji a bakin kogi, alhali kai kaɗai ka san abin da ke tafe. Nauyin da ka ji a ƙirjinka kana jiran yaƙi, wanda ya sa ka rubuto, shi ake so ka ji.

Akwai mutum ɗaya da kunnensa ke jin abin da sauran ba sa ji, shi ne Martin. Yaron mai sha'awar rediyon oba-oba ne, irin wanda mutum ke harhaɗawa a ɗakinsa ya kafa eriya a rufi, ya yi magana da baƙi a ƙasashe masu nisa. Na'urorin suna saman gidan da aka kore su, uban ya ce ya bar su nan, ya riƙa zuwa. Lucija ta gane tarko ne na janye mata ɗa, Martin ya yi mata alkawari, sannan ya riƙa saɗaɗawa a ɓoye. Wannan ƙaramin abu yana aiki biyu. Shi ne igiyar da ta sake ɗaure ɗa da uba, kuma shi ne ya sa yaron ya zama abin zargi, domin a garin da ake shirin yaƙi, mai na'urar da ke ji kuma take aikawa ba yaro mai wasa ba ne kuma. Ga wanda ya san tarihi akwai ƙarin ɗaci: a shekarun yaƙin, irin waɗannan masu rediyo ne suka zama muryar garuruwan da aka killace kamar Goražde da Srebrenica, su ke sanar da duniya halin da ake ciki, su ke haɗa uwa da ɗanta da aka raba. Sannan ga Pivac, abokin Martin tun ƙuruciya, wanda suke yawo tare, sai ga shi cikin 'yan bindigar Kurowat. Ba a nuna mana wata doguwar huɗuba da ta juya shi ba. An ba shi kaki da bindiga da matsayi, yaron da jiya ba kowa ba ne. Na fi jin tsoron wannan sauyi a kan duk wata fashewar bam da za a iya nunawa, domin haka abin yake faruwa, cikin 'yan makonni, ga yaran da kowa ya san iyayensu.

Sai tambayarka a kan Divko. A rabin farko azzalumi ne, kada ka nema masa uzuri. Ya wulaƙanta matar da ta raini ɗansa ita kaɗai, ya mayar da Azra abin ado da yake nuna wa gari kamar motarsa, kuɗinsa kuma suna shiga hannun mutanen da ke shirya bala'i. Amma ka lura da abin da yake yi da gidan bayan ya samu. Ba ya jin daɗinsa. Mutumin da ya shekara ashirin yana mafarkin dawowa ya tarar garin da ya bari babu shi, waɗanda yake so su ga nasararsa kuɗinsa kawai suke gani, ita kuma wadda ya zo ya ƙona wa rai ita ce har yanzu ke cikin ransa. Duk wannan hayaniya, motar da budurwar da korar, magana ce yake yi da Lucija, maganar da girman kai ya hana shi yi da baki. Miki Manojlović, wanda ya fito a Divko, ya buga wannan da ƙwarewar da ba a cika samu ba. Dubi yadda fuskarsa ke saki idan ya zauna shi kaɗai, da yadda ɓatan mage ya rusa shi fiye da yadda ya kamata ɓatan mage ya rusa babban mutum. Lokacin da abin ya zo kan ran ɗansa, sai ya gane cewa dodon da ya taimaka aka ciyar ba ya tambayar ɗan waye. Ya tsaya wa yaron, ya buɗe masa hanyar fita, ya rabu da abin da ya zo da shi. Hukuncina shi ne mutum ne da ya yi zalunci da saninsa, ya kuma farka a makare, ya ceci abin da ya saura. Tausayin da za ka ji masa bai goge abin da ya yi wa Lucija ba, kuma fim ɗin bai ce ya goge ba. Ka kuma lura da juyin da labarin ya yi: ya fara da uba yana dawowa daga Jamus, ya ƙare da ɗa yana kama hanyar barin gida. A shekarun yaƙin Jamus kaɗai ta karɓi 'yan gudun hijirar Bosniya fiye da 300,000, da yawansu wajen dangin da suka je ci-rani tun da can suka sauka.

Ba zan wuce ba ban yi maganar Mira Furlan ba, wadda ta fito a Lucija, domin abin da ke fuskarta ba wasa kaɗai ba ne. Haifaffiyar Zagreb ce, babban birnin Kuroshiya, tauraruwa a babban gidan wasan kwaikwayo na Kuroshiya, mijinta Basabiye. A 1991, wato shekarar da fim ɗin ke ba da labari, ta ci gaba da zuwa wasa a Belgrade, babban birnin Sabiya, tana cewa fasaha ba ta san iyaka ba. Jaridu suka yi mata ca, aka kira ta maciya amana, aka yi ta yi mata barazana, ta rasa aikinta, kafin shekarar ta ƙare ita da mijinta suka bar ƙasar zuwa Amurka. A can ne duniya ta san ta a shirye-shiryen talabijin na Babylon 5 da Lost. Ta rasu a Janairun 2021. Matar da aka kora daga garinta a 1991 ita aka ba rawar matar da ake kora daga gidanta a 1991. Ita da Manojlović kuma sun taɓa fitowa tare a fim ɗin Emir Kusturica na 1985, When Father Was Away on Business, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes lokacin Yugoslabiya na nan da ranta. Ga masu kallo na can, ganin su biyun tare bayan shekara 25, ɗaya daga Belgrade ɗaya daga Zagreb, shi kansa wata dawowa gida ce. Wannan ne ya sa fitowar ƙarshe take da ƙarfin da take da shi, inda su biyun suka hau lilon nan mai juyawa na filin wasa, wanda fim ɗin ya samo sunansa daga gare shi, hayaƙin igwa na tashi a bayan gari. Ka ce ka jira yaƙi. Ga shi nan, a mintunan ƙarshe, daga nesa, kuma a nan aka tsaya.

An ciro labarin daga littafin Ivica Đikić mai wannan suna, wanda ya fito a 2003 ya kuma ci kyautar adabi ta Meša Selimović. Đikić ɗan jarida ne da ya yi aiki a Feral Tribune, jaridar garin Split da ta yi suna wajen tona asirin masu kishin ƙabila na ɓangarenta. An haife shi a 1977 a garin Duvno, wanda aka mayar wa suna Tomislavgrad a 1990, wato ya ga irin wannan sauyi yana yaro, a kan allon shiga garinsu. Wannan yana da muhimmanci ga yadda za ka auna fim ɗin. Kurowat masu bindiga da aka nuna a mummunan haske, ɗan cikinsu ne ya rubuta su, ba wani na waje mai neman ɓata su ba. Littafin ya zarce cikin shekarun yaƙi; Tanović, wanda suka rubuta fim ɗin tare da marubucin, ya yanke shi a bakin ƙofa.

Ina son fim ɗin ƙwarai, amma yana da rauni, kuma gara ka sani. Soyayyar da ta ƙullu tsakanin Martin da Azra a lokacin neman mage ita ce mafi rauni a wurina. An yi ta ne don labari ya motsa, kuma Azra, wadda ya kamata mu san daga ina ta fito da abin da ya sa ta bi dattijo zuwa garin da ba ta san kowa ba, an bar ta rabin mutum, kyamara ta fi kula da jikinta a kan tunaninta. A nan ne ma zan ce maka fim ɗin ba na kallo da yara ba ne, akwai tsiraici da maganganun manya. Sauyin Divko ma ya zo da ɗan sauri, wasan Manojlović ne ya rufe gurbin da rubutu ya bari. Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan girma. Hasken rana mai laushi da mai ɗaukar hoto Walther Vanden Ende ya ɗauka, da kirkin Leon da na Savo, suna iya sa mai kallo ya ɗauka Yugoslabiyar Tito aljanna ce da miyagu suka rusa. Ba haka take ba. Ƙasa ce mai jam'iyya ɗaya, mai 'yan sandan ciki, wadda ta tsare 'yan adawa a tsibirin Goli Otok, ta kuma binne ciwon yaƙin duniya na biyu ba tare da ta yi maganinsa ba. Ƙullalliyar irin su Divko tana da tushe. Fim ɗin ya taɓa wannan, amma ƙaunar da daraktan ke yi wa ƙasar ƙuruciyarsa ta fi rinjaye, kuma ina fahimtarsa, ganin abin da ya maye gurbinta.

Kada kuma ka ɗauki wannan gari ɗaya a matsayin hoton yaƙin duka. Fim ɗin ya nuna kusurwar Kurowat ta Harzegobina, inda daga baya, a 1993, Kurowat da Musulmi da suka fara yaƙin a sahu ɗaya suka juya wa juna, har aka rusa tsohuwar gadar Mostar ranar 9 ga Nuwamba, gadar da Daular Usmaniyya ta gina a 1566. Amma mafi yawan fararen hular da aka kashe a yaƙin Musulmi ne, kuma mafi girman ta'asar dakarun Sabiyawan Bosniya ne suka aikata ta, a Prijedor da Foča da Višegrad a 1992, sannan a Srebrenica a Yulin 1995, inda aka kashe maza da samari fiye da 8,000, abin da kotunan duniya biyu da ke Hague suka yanke cewa kisan ƙare dangi ne. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a Cirkus Columbia, kuma bai yi da'awar akwai ba. In kana son ganin abin da ya biyo bayan lilon nan, ka nemi No Man's Land na shi Tanović ɗin don bakin daga, sai Quo Vadis, Aida? na Jasmila Žbanić, wanda ya fito a 2020, don Srebrenica, sai Grbavica nata na 2006, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Balin, don rayuwar uwa da 'yarta a Sarayebo bayan an ajiye makamai. Ka fara da Cirkus Columbia a karo na biyu kafin su, wannan karon ka sa ido a kan maƙwabtan da ke tsaye a titi ranar da aka fitar da Lucija, da kuma ranar da Pivac ya fara bayyana cikin kaki.